Birnin Ƙonni: Ƙaramin ƙarfen da ke durƙusar da motocin dakon albasa

Duk wanda ya san Birnin Ƙonni ya san gari ne da abincinsa ke bisa hanya. Babban titin da ya taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta cikinsa ya ratsa, a Tsarnawa hanyar Tawa ta ɓalle ta yi arewa, ga kuma iyakar Najeriya a kudu, inda daga Illela ba za ka ci kilomita 100 ba sai ka gan ka a Sakkwato. Ranar Laraba kasuwar Ƙonni ke ci, Alhamis a nufi Badagishiri, wadda ke cikin gundumar ɗaya Illelar ta jihar Tawa, Lahadi kuma a tsallaka Illela ta Najeriya. Manyan tireloli ne ke kwasar albasar Galmi zuwa Gana da Kodebuwa, amma kafin buhu ya kai ga tirela, motar a-kori-kura ce ke shiga garake da ƙauyukan Malbaza da Dogarawa ta fito da shi. Ita ce kuma ke ɗaukar tumatir da kabeji da simintin Malbaza da tumaki, tare da matan da ke zaune a kan kayansu.

A da can Peugeot 404 da 504 ne ke wannan aiki, kuma babu bakaniken da bai san cikinsu kamar yunwar cikinsa ba. Yanzu wuri ya koma hannun Toyota Hilux da 'yan uwanta irin su Nissan da Mitsubishi da Isuzu, da yawansu masu amfani da man gas, wanda mutanen Nijar ke kira gazuwal. Da wannan sauyi ne wata cuta ta shigo, wadda ke cin kuɗin 'yan kasuwa fiye da kima, domin sau da yawa ba ita ake yi wa magani ba.

Ga yadda takan fara. Mota tana lafiya, sai direba ya lura cewa idan ya ɗauki kaya ya taka totur, sai ta yi jim kafin ta amsa. Bayan 'yan makonni sai ta fara zubo baƙin hayaƙi ta salansa, musamman wajen tashi daga tsaye. Idan an bar ta tana silo sai ta riƙa karkarwa, wani lokaci ta mutu da kanta. Mai ya daina auki. Daga ƙarshe fitilar gargaɗi mai siffar injin ta kama a gaban direba, motar ta ƙi gudu ko da an take totur har ƙasa. Mai tumatir da ta yi lissafin isa kasuwa da hantsi sai ta isa bayan azahar, lokacin da masu sari suka gama ciniki, ga rana ta dafa kayan. Ita babu ruwanta da abin da ke cikin injin, amma ita ce ke biyan farashinsa.

A nan ne ake shiga gareji, kuma a nan ne asara ta biyu ke farawa. Wani ya ce nozul ne, wani ya ce turbo ya mutu, wani ya ce famfon mai, wani ma ya ce sai an sauke injin gaba ɗaya. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya zama gaskiya, domin alamominsu sun yi kama. Sai dai duk manyan ayyuka ne masu tsada, alhali akwai wani ƙarfe da bai wuce girman dunƙulen hannu ba wanda ke kawo waɗannan alamomi sak, kuma galibi wanki kawai yake buƙata. Sunansa EGR. Kanikawan da suka koyi aiki da Faransanci suna ce masa ban EGR, na tsallaken iyaka su ce bawul. Mu a nan za mu kira shi ƙofar hayaƙi, domin aikinsa ke nan.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa hayaƙi da ƙofa, tun da hayaƙi waje ake so ya fita? Amsar ita ce, idan wutar da ke ci a cikin injin ta yi zafi ainun, iskar da injin ya shaƙa takan rikiɗe ta zama wata guba da ido ba ya gani, wadda ke cutar da huhu, ta tayar wa masu asma da ciwonsu. Domin rage wannan guba sai masu ƙera motoci suka fito da dabarar ɗibar wani kaso na hayaƙin da ya riga ya ƙone, a sanyaya shi da ruwan lagireto, a mayar da shi cikin injin ya gauraya da sabuwar iska. Tun da ƙonannen hayaƙi ba ya sake ci, sai zafin wutar ya sauka. Uwargida da ta taɓa yayyafa toka a kan garwashi don kada tuwo ya kama ta san wannan hikima. Ƙofar hayaƙi ita ce ke buɗewa da rufewa don a auna yawan abin da za a mayar. Tana buɗewa idan mota na tafiya a hankali ko tana tsaye injin na aiki, ta rufe idan an taka totur sosai ana neman ƙarfi.

An fara sa wannan na'ura a motocin Amurka tun farkon shekarun 1970, daga baya dokokin hayaƙi na Turai suka yi ta tsananta, musamman a 2000 da 2005 da 2009, har ya zama da wuya ka samu motar gas ta zamani da ba ta da ita. Hilux ɗin da aka ƙera tsakanin 2005 da 2015 masu injin D-4D, wato 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0, da waɗanda suka biyo baya masu lita 2.4 da 2.8, duk za ka same ta a jikin yawancinsu, musamman waɗanda aka yi amfani da su a Turai kafin a sauke su a tashoshin ruwan Kwatano da Lome. Masu amfani da fetur wannan cuta ba ta cika damunsu ba. Don haka tambayar farko da ya kamata mai mota ya yi ita ce, shin tawa tana da ita ma kuwa?

Matsalar ita ce hayaƙin gas yana ɗauke da kunkunniya. A hanyar da iska ke bi ta shiga injin kuma akwai tururin baƙin mai da ke tasowa daga ƙasa. Idan busasshiyar kunkunniya ta haɗu da wannan maiƙo sai su zama wani abu mai danƙo kamar kwalta, ya yi ta taruwa a bakin ƙofar da cikin bututun iska. Wanda ya taɓa leƙa rufin ɗakin girkin da aka shekara goma ana hura ice a cikinsa ya ga irinsa. A hankali bututun da ɗan yaro zai iya zura hannu a ciki sai ya tsuke ya koma kamar bakin kwalba, ƙofar kuma ta maƙale.

Idan ta maƙale a buɗe, nan ne bala'in yake, domin injin zai yi ta shaƙar hayaƙinsa a daidai lokacin da yake neman iska mai kyau don ya ja kaya. Man ba zai ƙone duka ba, shi ne baƙin hayaƙin da ake gani, shi ne kuma rashin ƙarfin. Idan a rufe ta maƙale, direba ba zai ji wani babban canji ba da farko, sai dai kwamfutar motar ta gane, ta kunna fitila, a wasu motocin ta rage ƙarfin injin da gangan don ta kare shi.

Wani abin lura shi ne, irin aikin da a-kori-kura ke yi a yankin Ƙonni tamkar an tsara shi ne don a toshe wannan ƙofa. An ƙera motar don ta riƙa samun doguwar tafiya injin ya yi zafi sosai. A nan kuwa sai ta yi awa guda a bakin garka injin na silo ana loda buhuna, saboda direba na tsoron batir ba zai sake tayar da ita ba. Ta yi jerin gwano a bakin iyaka da shingayen bincike. Ta ɗauki kayan da ya ninka ƙa'idarta, direba kuma ya sa babbar giya yana jan ta a hankali don tattalin mai. Duk waɗannan lokuta ne da ƙofar ke buɗe, hayaƙi na komawa ciki. Ga ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu da ke toshe filtar iska, wanda ke ƙara yawan kunkunniya. Da an shiga Maris da Afrilu, lokacin da albasa ke fitowa kuma mota ba ta da hutu, sai ciwon da aka tara da rani ya bayyana.

Sai kuma batun mai. A Turai tun 2009 sinadarin sulfa, wato farar wuta, da aka yarda ya kasance a cikin gas bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A Afirka ta Yamma kuwa an daɗe ana sayar da mai ɗauke da kashi 3,000. A Satumbar 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a kan wannan ƙazamin mai, kuma a Disambar wannan shekara Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kodebuwa suka amince su sauko da shi zuwa 50. Nijar na tace nata man a matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011. To amma man da ya fito daga matata daban, wanda ya kwana a jarka da duro a hannun 'yan ruwa-ruwa daban. Shi wannan yana iya kwasar ruwa da ƙasa, wani lokaci ma a haɗa shi da kananzir. Farar wuta idan ta ƙone ta haɗu da danshi sai ta zama ruwan batir, kuma ƙofar hayaƙi za ta mayar da shi cikin injin, ya ci ƙarfe, ya lalata baƙin mai. Mun san abin da ke kai direba ga jarka, sauƙin 'yan kuɗi ne. Amma a lissafa. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da litar gazuwal daga sefa 668 zuwa 618. Idan, a misali, toshewar ƙofar ta sa mota na ƙara shan lita 2 a duk kilomita 100, to zuwa Yamai da dawowa, kimanin kilomita 840, an ƙone kusan lita 17 a banza, wato sama da jaka 10 a kan wancan farashi, a tafiya ɗaya tak.

To yaya za a gane gaskiyar lamari? Shawararmu ga Alhaji mai mota, da Hajiyar da ta tara kuɗin adashi ta sayi a-kori-kura ta ba direba, ita ce kada a yarda a kwance babban abu kafin a duba ƙarami. A fara da filtar iska da filtar mai, domin su biyun nan kaɗai suna iya kawo hayaƙi da rashin ƙarfi, kuma su ne mafi araha. Bayan nan, idan fitila ta kama, a nemi mai na'urar gwaji ya jona ta da motar. Na'urar za ta fitar da lamba. P0400 na nufin akwai tangarɗa a tafiyar hayaƙin da ake mayarwa, P0401 na nufin abin da ke wucewa ya yi kaɗan, P0402 ya yi yawa, P0403 kuma matsalar waya ce ko wutar da ke sarrafa ƙofar. Ko da ba ka iya karatun boko ba, ka sa a rubuta maka lambar a takarda kafin a goge ta, ka ajiye kamar yadda kake ajiye rasit. Goge lamba ba gyara ba ne, fitilar za ta dawo bayan kwana biyu, kuma akwai masu karɓar kuɗi a kan gogewar kawai.

Amma ita ma lambar ba hukunci ba ce, nuni ne kawai ga unguwar da ɓarawon yake. Kwamfutar motar ba ta ganin ƙofar da ido, tana dogara ne da ma'aunin iska da ke kusa da filta, da wani ma'aunin matsi da ke jikin bututun. Idan ƙura ta rufe na farko ko kunkunniya ta toshe ɗan ramin na biyu, sai su yi wa kwamfutar ƙarya, ta ɗora wa ƙofar laifin da ba nata ba. A wasu motocin kuma iska ce ke jan ƙofar ta wasu siraran tiyo na roba, waɗanda zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, ke busarwa su tsage. Tiyon da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba yana iya sa a sayi sabuwar ƙofa a banza. Bakanike na ƙwarai zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ya duba soket da waya, kafin ya ɗauko sifana. Haka nan a famfon man Hilux D-4D akwai wani ɗan bawul da ake kira SCV wanda idan ya gaji yakan kawo karkarwa da mutuwar injin, kuma canza shi bai kai kusa da sayen famfo sukutum ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A yanko ɗan faifan ƙarfe a toshe bututun hayaƙin na ɗan lokaci, a zagaya da motar. Idan ƙarfi ya dawo, hayaƙi ya ragu, to ƙofar ce ta maƙale a buɗe, nozul da turbo ba su da laifi. Idan babu abin da ya canza, sai a nemi ciwon a wani wuri.

Idan an tabbatar ita ce, sai wanki. A nan muke so mai mota ya je da kansa ko ya tura wanda ya yarda da shi, ya ga dattin da idonsa. Ba ƙofar kaɗai ake cirewa ba, har da gwiwar bututun da babban bututun da ke raba iska ga silinda, domin wanke ƙofa a bar bututu a toshe kamar share bakin rijiya ne a bar yashi a ciki. A ƙasa ake wankewa, ba a jikin injin ba, a toshe ramukan injin da tsumma mai tsabta don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki. Idan ƙofar mai lantarki ce, kada a tsoma ɓangaren wutar a cikin kananzir ko fetur. Masu cinna wa bututun wuta don kwaltar ta ƙone suna saurin gamawa, amma gorar ruwa ce, zafi na iya lanƙwasa bakinta ta daina zama daidai. Abu mafi haɗari shi ne a mayar da bututun da sauran fetur ko kananzir a cikinsa. Injin gas yana iya kama wannan tururi ya yi ta ƙara gudu da kansa, ko an zare makulli ba zai tsaya ba. Don haka a bar shi ya bushe ƙayau, a sa sabon gasket, sannan a yi juyen baƙin mai. Idan kuma aka ce ƙofar ta mutu sai sabuwa, a karɓi tsohuwar a hannu. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

Akwai wani nau'in ciwon da bai kamata a yi masa jinkiri ba. Mun ce ana sanyaya hayaƙin da ruwan lagireto kafin a mayar da shi. Idan wannan ma'ajin sanyaya ya huje daga ciki, ruwa zai riƙa bin hayaƙi yana shiga injin. Alamarsa ita ce kullum ana ƙara ruwa amma ba a ganin ɗigo a ƙasa, ga farin hayaƙi kamar tururi ko bayan injin ya yi zafi. Da yawa sukan ɗauka gasket ɗin saman injin ne ya ƙone, a kwance kan injin a banza. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan ya taru a silinda yana iya lanƙwasa ƙarfen fistin nan take. Motar da ke shan ruwa haka gara a ajiye ta, a nemi wata ta kai kayan, ko da za a biya kuɗin dako sau biyu.

Yanzu sai tambayar da kowa ke yi a gareji: tun da faifan ƙarfen nan ya dawo da ƙarfin mota, me zai hana a bar shi dindindin a huta? Ba za mu ɓoye ba, ana yin haka sosai, kuma bututun yakan daina datti. A tsofaffin motoci marasa kwamfuta mai yawan bincike direba ba zai ga wata illa nan kusa ba. Amma a sababbi, musamman masu matatar kunkunniya a jikin salansa, kwamfutar za ta gane an toshe, ta kunna fitila ko ta rage ƙarfi, sai an sake biyan wani ya taɓa kwamfutar, kuma daga ranar ba ka da tabbacin abin da aka canza a cikinta. Fitilar da ke kunne kullum kuma ta daina amfani, ranar da babban ciwo ya zo babu mai gargaɗinka. Sannan toshewar ba ta wanke dattin da ya riga ya taru, ba ta kuma gyara nozul ɗin da ke zubar da mai, wanda sau da yawa shi ne asalin yawan kunkunniyar.

A Turai da Amurka laifi ne a kashe wannan na'ura. A Disambar 2023 kamfanin Cummins ya amince ya biya tarar dalar Amurka biliyan 1.675 bisa zargin sa dabarar kauce wa gwajin hayaƙi a injinan a-kori-kura samfurin Ram. Wani zai ce can ne, nan babu mai tare ka a hanyar Galmi ya auna salansarka. Haka ne. Sai dai gubar da ake magana ba ta da launi, kuma ba direban da ke gaba a rufe da gilashi ne ke shaƙarta ba. Masu shaƙarta su ne matan da ke zaune a bayan motar da goyonsu, da mai tuyar ƙosai da mai fura a bakin tasha, da yaran da ke lodi a gindin salansa tun safe har yamma. A ganinmu wanki ya fi toshewa, ko da za a riƙa maimaita shi.

Ana kuma iya tsawaita lokacin da ke tsakanin wanki da wanki. A gyara batir da sitata don a riƙa kashe injin lokacin lodi da jiran layi. A riƙa juyen baƙin mai a duk kilomita 5,000, ba sai ya yi kauri ba. Da hunturu a riƙa buɗe filtar iska kowane mako, idan ta gaji a canza ta maimakon a yi ta buga ta da dutse har ta yage. Motar da aikinta bai wuce zirga-zirga tsakanin garka da kasuwa ba, a riƙa ba ta hanyar Tawa ko ta Madawa lokaci-lokaci ta yi tafiya mai nisa injin ya buɗe. Wanda kuma ke da niyyar a wanke masa bututu, watan Janairu ko farkon Fabrairu ya fi dacewa, kafin albasa ta fito garejin ya cika, kowa na neman a sallame shi a rana ɗaya.

Ga masu ɗaukar shatar mota kuwa, kafin ki sa a ɗora kwandunan tumatir, tsaya a gefe ki ce direba ya tayar ya taka totur sau biyu ko uku. Ɗan hayaƙi a takun farko ba komai ba ne. Amma idan baƙi ne mai kauri a kowane taku, ko injin na karkarwa, ko kika ga yaron mota na ɗura ruwa a lagireto da jarka a shirye a gefensa, to ki yi ciniki da shi tun a nan kan wanda zai biya wata motar idan wannan ta tsaya a hanya.